Shugaban Da Ya Yi Hira Da Jama'arsa Ta Akwatin Rediyo

Darasi na 14

Jama'a, ku gyara zama. Darasinmu na yau labari ne na gaskiya. Ya faru a ƙasar Amurka cikin shekarar 1933. Labarin wani shugaba ne da ya hau mulki ya tarar da ƙasarsa cikin ƙunci, kuɗin mutane sun maƙale a banki, kowa ya firgita. Ya zauna ya yi musu bayani ta rediyo, bayanin da bai cika minti 15 ba. Za mu ga abin da ya faɗa, da abin da maganar ta haifar. A karanta a hankali. In an gama kowane kashi a tsaya, wani ya maimaita shi da ka.

1. Yadda kasuwa ta faɗi

Amurka babbar ƙasa ce a hayin teku, yamma da mu. A 1933 mutanenta sun kai wajen miliyan 125. Kafin 1929 ana tsammani arziki ya zauna musu ke nan. Mutane suna ta sayen hannun jari a kamfanoni, waɗansu ma da kuɗin rance, suna sa rai kullum farashi hawa zai yi. Cikin watan Oktoba 1929 sai farashin hannun jari ya faɗi warwas a babbar kasuwar birnin Niyok. Wanda ya kwana da dukiya ya wayi gari da bashi.

Daga nan wahala ta yi ta jawo 'yar'uwarta. Mutane suka rage saye. Da aka rage saye, masana'antu suka sallami ma'aikata. Wanda aka sallama ba shi da kuɗin tufa, balle na nama. Manomi ya kai amfaninsa kasuwa, ba mai tayawa. Daga 1929 zuwa 1932 farashin amfanin gona ya faɗi da fiye da rabi. A waɗansu wurare manoma suka riƙa hura wuta da masara, don ta fi gawayi araha. A birane kuwa mutane suna jeruwa a layi don a ba su burodi da romo sadaka.

Ku lura da wannan. Abinci yana nan, rumbuna cike. Kuɗin saye ne babu. Kafin shekarar 1933 ta kama, cikin kowane ma'aikaci huɗu ɗaya ba shi da aiki. Marasa aikin sun kai wajen mutum miliyan 13.

2. Abin da ya sami bankuna

Kafin mu ci gaba, sai mun fahimci yadda banki ke aiki. Ga misali.

A ce mutum 100 ne a gari. Kowa ya kai dala 100 banki ajiya. Jimla dala 10,000 ke nan. Banki ba ya kulle kuɗin nan duka a akwati. Sai ya ajiye kamar dala 1,000 don masu zuwa karɓa yau da gobe. Sauran dala 9,000 ya ba manoma da 'yan kasuwa rance, su biya in kaka ta yi. Muddin mutum biyu ko uku ne ke zuwa karɓa a rana, lafiya lau.

To, a ce wata rana wani ya zo kasuwa ya ce, "Na ji banki zai karye." Wannan ya gaya wa wancan. Da safe mutum ɗarin nan duka suka yi cincirindo a ƙofar banki, kowa na cewa a ba shi nasa. Mutum nawa za a iya biya? Goma kaɗai. Sauran 90 su koma hannu wofi. Kuɗinsu bai ɓace ba, yana hannun manoman da ba su girbe ba tukuna. Amma banki ya riga ya rufe ƙofa.

Kun ga tsoro kaɗai ya isa ya karya banki mai lafiya. Haka ya faru a Amurka. Waɗansu bankunan ruɓaɓɓu ne tun asali, masu su sun yi wasa da amanar mutane. Da suka faɗi, sai tsoro ya bi ta kan masu lafiyar. Daga 1930 zuwa 1933 bankuna wajen 9,000 suka karye. Mutane suka riƙa kwashe kuɗinsu suna ɓoyewa ƙarƙashin katifa, waɗansu su binne a gwangwani. Kuɗin da aka binne kuwa ba ya sayen kaya, ba ya biyan lebura. Kasuwa ta ƙara mutuwa.

3. Sabon shugaba

Cikin watan Nuwamba 1932 aka yi zaɓe. Mutane suka kayar da shugaba mai ci, Herbert Hoover. Suka zaɓi Franklin Roosevelt. Sunan yana da wuyar faɗa, mu kira shi Rozbelt. Jihohin ƙasar 48 ne a lokacin, ya ci 42.

An haifi Rozbelt a 1882, ɗan gidan masu arziki ne. A 1921 ya kamu da ciwon da likitocinsa suka ce shan-inna ne. Ƙafafunsa suka shanye, bai sake tafiya ba sai da taimako. Duk da haka ya zama gwamnan jihar Niyok a 1929. Tun yana gwamna ya saba yi wa mutanen jiharsa magana ta rediyo.

Kafin ya kama aiki, al'amari ya ƙara lalacewa. Ran 14 ga Fabrairu 1933 gwamnan jihar Mishigan ya rufe bankunan jiharsa. Mutanen sauran jihohi suka ji, suka ruga nasu bankunan. Ran da aka rantsar da Rozbelt, watau 4 ga Maris 1933, yawancin jihohi sun rufe bankunansu ko sun ƙayyade abin da mutum zai iya karɓa.

Ran 6 ga Maris ya ba da umurni a rufe bankunan ƙasar duka. Ran 9 ga wata majalisa ta zauna, ta yi sabuwar dokar banki a yini guda. Aka sa ma'aikatan gwamnati su duba littattafan bankuna, su ware masu lafiya daga marasa lafiya. Aka shirya a fara buɗe masu lafiyar ran Litinin, 13 ga wata.

Ga inda gizo ke saƙar. In aka buɗe ran Litinin, mutane suka sake rugawa suna kwasar kuɗi, to, aikin duka ya rushe. Doka ba ta iya cire tsoro daga zuciyar mutum. Dole a yi wa jama'a bayani, su gane, su yarda. Ga shi kuwa kwanaki kaɗan suka rage.

A gari, in mai gari yana da saƙo, sai ya sa mai shela ya zaga. To, wane mai shela ne zai zaga wa mutum miliyan 125? Akwai jaridu, amma maganar jarida ta kan bi hannu da yawa kafin ta iso, a rage nan, a ƙara can. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Rozbelt ya zaɓi rediyo.

A ƙidayar 1930, cikin gida goma huɗu ne ke da rediyo a Amurka. Kafin 1940 sun wuce takwas cikin goma. A karkara wutar lantarki ba ta kai ko'ina ba, gona ɗaya cikin goma ce ke da ita, saboda haka da rediyo mai batir a ke ji. Wanda ba shi da akwati ya kan tafi gidan maƙwabci.

4. Daren Lahadi

Ran Lahadi, 12 ga Maris 1933, da ƙarfe 10 na dare agogon birnin Washinton, Rozbelt ya zauna gaban na'urar ɗaukar magana a fadar shugaban ƙasa. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 60 ne suka kasa kunne.

Ya fara da kiransu abokansa. Ya ce yana so ya yi 'yan mintoci yana magana da su a kan banki. Sa'an nan ya bayyana musu abin da muka karanta a kashi na biyu: banki ba ya kulle kuɗin ajiya a akwati, juya shi ya ke yi, abin da ke hannunsa tsaba kaɗan ne.

Ya gaya musu dalilin da ya sa aka rufe bankuna, da abin da aka yi cikin kwanakin rufewar. Ya ce an buga sababbin takardun kuɗi ana aika wa bankuna masu lafiya, don su iya biyan duk mai bukata. Ya faɗi ranakun buɗewa dalla-dalla. Litinin a manyan birane 12. Talata a waɗansu birane wajen 250. Laraba da bayanta a sauran garuruwa. Ya ce in bankin garinku bai buɗe ran farko ba, kada ku ce ya mutu, bincike ne bai iso kansa ba.

Bai ɓoye musu mai ɗaci ba. Ya ce waɗansu masu banki sun kasa, waɗansu kuma sun ci amana. Ya ce bai yi alkawari kowane banki zai sake buɗewa ba, bai kuma ce ba wanda zai yi hasara ba. Amma ya tabbatar musu kuɗi ya fi tsira a bankin da aka sake buɗewa bisa ga ƙarƙashin katifa. Ya roƙe su kada jita-jita ta kore su. Ya rufe da cewa matsalar tasu ce kamar yadda ta ke tasa, in sun haɗa kai ba za su faɗi ba.

Shi ke nan. Bai yi tsawa ba, bai yi barazana ba. Wani mashahurin mai ban dariya na ƙasar, Will Rogers, ya ce shugaban ya bayyana sha'anin banki har kowa ya gane, har su masu bankin ma.

5. Safiyar Litinin

Gari ya waye, aka buɗe bankuna. Mutane suka yi layi kamar dā. Amma wannan karon yawancinsu kuɗi suka kawo. Aka zaro na ƙarƙashin katifa, aka tono na gwangwani. Kafin ran 15 ga wata bankuna wajen 12,000 sun koma aiki. Cikin mako biyu, fiye da rabin kuɗin da aka kwashe aka ɓoye ya koma banki.

Waɗansu bankuna ba su sake buɗewa ba har abada, masu ajiya a cikinsu kuwa sun yi hasara. Amma shugaban ya riga ya faɗa da bakinsa.

Wasiƙu suka yi ta kwarara fada. Cikin makon farko na mulkinsa an sami wajen 450,000. Bayan haka dubbai ke zuwa kowace rana, har aka ƙara ma'aikata masu yawa don buɗe su. Manoma da leburori da matan aure suka ɗauki alƙalami. Wani ya yi godiya, wani ya kai kuka, wani ya yi faɗa. Rediyo ya kai musu maganar shugaba. Rubutu ne ya kai wa shugaba tasu.

6. Me ya sa aka yarda da shi?

Wani ma'aikacin gidan rediyon CBS ne ya raɗa wa irin wannan jawabi suna, ya kira shi hirar gindin murhu. Ƙasarsu akwai sanyi ƙwarai, iyali kan taru gindin wuta da dare, kamar yadda mu ke jin ɗumi da hunturu. Sunan ya bi shi. Ga abubuwa huɗu da suka sa hirar ta ci.

Na ɗaya, sauƙin harshe. Ya kan zaɓi kalmomin da kowa ya sani, ya kawo misali da abin da mutane ke gani kullum.

Na biyu, natsuwa. Ya kan yi magana sannu sannu, kamar da mutum biyu ko uku ya ke yi a zaure. A kan yi kwanaki ana shirya jawabin ana gyarawa. Har ma akwai 'yar kafa a haƙoransa na ƙasa da ke sa maganarsa fito a rediyo, sai aka yi masa haƙorin sawa, ya kan sa shi in zai yi hira.

Na uku, bai yawaita ba. Ya yi shekara 12 yana mulki, daga 1933 har ya mutu ran 12 ga Afrilu 1945. Amma hirar nan wajen sau 30 kaɗai ya yi ta. Ko zuma ce, in kullum a ke sha, ta kan gundura.

Na huɗu, shi ne babba: aiki yana bin magana. A 1933 gwamnati ta buɗe sansanonin aiki don samari marasa aikin yi. Suna dasa itatuwa, suna gyaran hanyoyi, suna tare zaizayar ƙasa. Ana biyan kowane saurayi dala 30 a wata, a aika wa iyayensa dala 25 daga ciki. Kafin a rufe shirin a 1942 samari wajen miliyan 3 sun shiga. Cikin watan Yuni 1933 kuma aka yi dokar lamunin ajiya. Daga 1 ga Janairu 1934, in banki mai lamuni ya karye, za a biya mai ajiya kuɗinsa har dala 2,500. Daga nan rububin zuwa banki ya kwanta.

A 1936 aka yi mugun fari a tsakiyar ƙasar. Rozbelt ya tafi da kansa ya zaga jihohi 9, ya ga gonakin da suka ƙone da shanun da suka rasa ciyawa. Da ya komo, ran 6 ga Satumba, ya gaya wa mutanen birni abin da idonsa ya gani, ya nuna musu in manomi ya tsiyace ba mai sayen kayan da su ke ƙerawa.

7. Inda magana ba ta isa ba

Kada mu ɗauka duk abin da ya faɗa aka bi. Ran 9 ga Maris 1937 ya yi hira yana neman a yarda ya ƙara alƙalai a babbar kotun ƙasar, don alƙalan suna soke waɗansu dokokinsa. Mutane suka saurara, da yawa suka ce wannan neman ƙarfi ne ya yi yawa. Majalisa ta ƙi. A wannan shekarar kuma kasuwa ta sake faɗuwa. Rashin aiki bai kau sosai ba sai da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antu suka koma ƙera kayan yaƙi. Daɗin baki ya kan kwantar da hankali, amma ba ya cika rumbu.

Akwai kuma wani abin lura. Ran 30 ga Janairu 1933, watau 'yan makonni kafin Rozbelt, Hitila ya hau mulkin Jamus. Can ma ana cikin ƙunci, marasa aiki sun kai wajen miliyan 6. Gwamnatinsa ta ƙwace gidajen rediyo duka. Ta sa aka ƙera wani akwatin rediyo mai araha don ya shiga kowane gida. Ta cikinsa aka riƙa ɗora wa Yahudawa laifin wahalar ƙasa, ana cusa ƙiyayya dare da rana. A 1939 aka hana Jamusawa sauraron tashoshin waje, wanda aka kama a ɗaure shi. Ƙarshen abin yaƙi ne, da kisan miliyoyin bayin Allah.

Akwati iri ɗaya, shekara ɗaya, wahala iri ɗaya. A Amurka mai sauraro yana da ikon murɗa akwati ya ji abokin hamayya, ya sayi jaridar da ke sukar shugaba, ya jefa ƙuri'a yadda ya ga dama. A Jamus an toshe waɗannan ƙofofi duka.

8. Abin da za mu riƙe

Rediyo ba baƙo ba ne gare mu. Tun 1957 BBC ta fara shiri da Hausa, a 1962 kuma aka buɗe gidan rediyo na Kaduna. Shugabanni kan yi mana magana ta cikinsa, musamman in abinci ya yi tsada ko kuɗi ya yi wuya. In ka ji irin wannan jawabi, tambayi kanka abu huɗu.

Ya bayyana mini dalilin wahalar yadda zan gane?
Ya faɗi abin da za a yi, da ranar da za a yi shi?
Ya faɗi mai ɗaci, ko mai daɗi kaɗai?
Gyara ya ke nema, ko wata ƙabila ya ke nuna mini in ƙi?

Sa'an nan ka ɗauki fensir ka rubuta alkawarin da ranarsa a littafinka. Maganar rediyo iska ce, ta wuce ta wuce. Abin da ka rubuta yana nan. In ranar ta zo, ka buɗe littafi ka duba ko an cika.

Sababbin kalmomi

A rubuta waɗannan a allo, kowa ya kwafa sau uku: banki, ajiya, rance, jari, lamuni, jita-jita, majalisa, jawabi.

Tambayoyi

1. A wace shekara kasuwar Niyok ta faɗi?
2. Me ya sa manoma suka hura wuta da masara?
3. Yaya tsoro ke karya banki mai lafiya?
4. Wace rana Rozbelt ya yi hirarsa ta farko?
5. Faɗi abu biyu masu ɗaci da ya gaya wa jama'a.
6. Me mutane suka yi ran Litinin da safe?
7. Mene ne bambancin rediyon Amurka da na Jamus a wancan zamani?

Lissafi

1. Mutum 50 sun ajiye dala 20 kowannensu. Nawa ne jimla?
2. Banki ya ba da rancen dala 800 daga ciki. Nawa ya rage? Mutum nawa zai iya biya in duk suka zo rana ɗaya?
3. Saurayi yana samun dala 30 a wata, ana aika 25 gida. Nawa iyayensa za su samu cikin wata 6?

Aikin rubutu

Ka tuna wata jita-jita da ta taɓa tayar da hankalin mutane a kasuwar garinku. Rubuta layi biyar: me aka ce, me mutane suka yi, yaya gaskiya ta fito. Kada a sa sunan kowa. A zo da shi aji na gaba, za a karanta.